Muhawara a zauren garinmu: "Baffa, wannan tsantsa ce, babu sinadari a cikinta"

Manomin Fadama:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na kwana biyu ina juya maganar nan a raina kafin in kawo ta nan, to amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ɗan yayana marigayi, wanda yake hannuna tun yana shekara tara, ya dawo daga ci-rani a Legas gab da faɗuwar damina. Yaro ne mai zuciyar nema, shi ke riƙe min injin ban-ruwa. Tun da ya dawo na ga ya canja. Sai rana ta take yake tashi, wata rana ya ci abinci kamar an aiko shi, wata rana ya wuni bai taɓa ba. Yanzu kuma ya fara cewa idan 'yan majalisar ƙofar gida suna dariya, da shi suke.

Shekaranjiya ina neman tocila a ɗakinsa na ci karo da wata 'yar kwalba, faɗinta bai wuce murfin galan ba. Abin da ke ciki kamar daskararriyar zuma, ruwan ɗorawa, yana danƙo kamar ƙaro. Warin na wiwi ne ba shakka, sai dai akwai wani ƙamshi-ƙamshi kamar ɓawon lemo. Da na tsare shi bai yi musu ba. Ya ce min: "Baffa, wannan ba irin ta 'yan tasha ba ce. Tsantsa ce, matse ta aka yi kamar man gyaɗa, ba a sa mata gas ko wani sinadari ba. A ƙasar Turawa a kanti ake sayar da ita." Wallahi yadda ya faɗa da natsuwa shi ya fi tayar min da hankali, don na ga ya yarda da abin da yake faɗa. Masu ilimi a cikinku, mene ne wannan abin? Kuma yaya zan yi da yaron nan?

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ka kyauta da ka kawo maganar, Malam. Allah ya shirya mana zuri'a. Ina ɗanmu na Kanada? Shi ya fi mu ganin irin waɗannan.

Ɗan Gari a Kanada:
Ga ni, Baba Hedimasta. Baffa, sannu da wannan jarrabawa. Daga yadda ka siffanta, abin ya yi kama da wanda a nan suke kira rozin. Bari in yi bayani daidai fahimtata.

Ƙarfin wiwi ba a cikin ganyen yake ba sosai. A jikin furen macen shukar akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi masu danƙo, kamar raɓa ta sauka a kai. A cikinsu sinadarin da ke bugarwa yake, wanda ake kira THC, tare da mayukan da ke ba ta ƙamshi. Duk wani mai tace wiwi, waɗannan ƙwayoyin yake so ya raba da sauran ganye. Masu yin haka kashi biyu ne. Akwai masu wanke furen da sinadari mai narkarwa, kamar gas irin na cikin laita ko barasar masana'anta, daga baya su yi ƙoƙarin kore sinadarin. Akwai kuma waɗanda ba sa sa komai, da tankaɗe ko matsa suke rabawa. Na biyun ne ake wa kirari da "marar sinadari". Tsohon abu ne ma: hashish ɗin da ake yi a tsaunukan Rif na Maroko da caras na Indiya da Nepal duk dangin wannan ne, an daɗe ana yin su. Na zamani dai an fi tace shi nesa ba kusa ba.

Dalilin da ya sa suke rububinsa kuwa, akwai tarihi a baya. Masu tacewa da gas a ɓoye sun sha tayar da gobara a gidaje a Amurka, mutane sun ƙone. Sannan a 2019 wata cutar huhu ta ɓarke a can tsakanin masu zuƙar man wiwi a sigarin lantarki. Zuwa Fabrairun 2020 an kwantar da mutum sama da 2,800, 68 suka mutu, aka gano yawanci wani mai ne da ake kira bitamin E asitet da 'yan kasuwar bayan fage ke gaurayawa don abin ya yi auki. Tun daga nan kalmar "babu gauraye" ta zama abin talla. Ga ƙamshin da ka ji, suna ji da shi ƙwarai, har gasa ake yi a kansa. Ga tsada, don ya fi na gas kuɗi, sai riƙe shi ya zama abin nuna isa.

Gaskiya ne a nan Kanada an halatta wiwi tun Oktoban 2018, tatattun kuma bayan shekara guda. Amma a kantin da ke da lasisi, sai ka nuna shaidar shekarunka, a Ontariyo 19, a Kwibek 21, kuma kowane ƙunshi da gargaɗin lafiya ɓaro-ɓaro a jikinsa. Gwamnatin da ta halatta ba ta taɓa cewa ba ya cutarwa ba.

Hajiya Mai Man Gyaɗa:
Ni fa inda ya ce kamar man gyaɗa nan ya tsaya min. Shekara talatin ina wannan sana'a. Gaskiya ne man da muka matsa da hannu ya fi na kamfani ƙamshi, kuma mai saye ya san abin da ke ciki. Amma ku tambayi duk mai yin ƙuli: abin da ke cikin gyaɗar shi ke fita a man. In gyaɗar ta yi fumfuna, ko an zuba mata maganin ƙwari a buhu, matsar hannu ba ta wanke shi. Kuma tiya guda ta gyaɗa ɗan mai kaɗan take bayarwa, ƙarfin tiyar nan duk ya taru a 'yar kwalba. To in gyaɗa ce an tara alheri. In abin da ke juya ƙwaƙwalwa ne fa, me aka tara?

Malamin Asibiti:
Hajiya, Allah ya saka da alheri, kin riga ni. Abin da zan ƙara alƙaluma ne kawai.

Wiwin da hukumomin Amurka ke kamawa a wajen 1995, THC ɗin cikinta kusan kashi 4 cikin 100 ne. Zuwa 2014 ya kai wajen kashi 12. Irin wannan tataccen da ake magana yakan kai kashi 60 zuwa 80. Wato ɗan abin da bai wuce ƙwayar gero biyu ko uku ba, shi kaɗai zai iya yin aikin naɗi guda.  Jiki ya saba da wuri, gobe sai ya nemi fiye da na yau.

Akwai wani babban bincike da aka buga a 2019, an yi shi a wurare 11, goma a Turai ɗaya a Brazil. An gano masu shan wiwi kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau uku wajen haɗarin kamuwa da taɓin hankali irin mai sa mutum jin muryoyi ko zargin ana binsa. Masu shan mai ƙarfi kullum kuwa kusan sau biyar. Ku lura da abin da suka kira "mai ƙarfi" a binciken: kashi 10 zuwa sama. Goma kacal. Jihar Bamont a Amurka ma, duk da ta halatta wiwi, ta sa iyaka a kan ƙarfin da za a sayar.

Malam Manomi, maganar da ka yi cewa yana ganin da shi ake dariya, ita ce ta hana ni zama. Ban ga yaron ba, ba zan yanke hukunci daga waya ba, amma wannan alama ce da ba ma wasa da ita. Shekarunsa nawa? Yana barci da daddare? Ka taɓa jin yana magana shi kaɗai?

Manomin Fadama:
Ashirin da biyu. Barci kam ba ya yi sai wajen asuba. Magana shi kaɗai ban ji ba, amma matata ta ce ya toshe tagar ɗakinsa da buhu.

Matashin Bakin Kasuwa:
Iyayena ku yi haƙuri in sa baki, ba rashin kunya ba ne. Ni ban sha ba kuma ba na goyon baya. Amma mu da muke zaune da samarin nan mun san abin da ke kashe su a garin nan: tiramol, roci, sholisho, da kodin kafin a hana shi a 2018, har yanzu ma ana samu. Na ga wanda tiramol ya kayar yana farfaɗiya a bakin tasha. Wiwi kuwa tsiro ne, kuma na karanta cewa ana magani da ita. Idan muka ce wa yaro duk ɗaya ne, ya san ba gaskiya muka faɗa ba, daga nan ya daina sauraronmu gaba ɗaya. Wannan ne tsorona.

Tsohon Hedimasta:
Ɗana, maganarka ta ƙarshe gaskiya ce, kuma na karɓa. Kada mu yi wa yara ƙarya. Amma batun tsiro, zaƙami ma tsiro ne. A bayan makarantarmu yake fitowa, ba mai shuka shi, ba mai sa masa taki. Ina koyarwa aka kawo min yara biyu da suka sha shi a kunu lokacin wani biki, ɗaya yana kama abin da babu a iska, bai gane mahaifiyarsa ba sai bayan kwana biyu. Babu sinadarin kamfani ko ɗigo a cikin abin da suka sha.

Malamin Asibiti:
Ƙanena na bakin kasuwa, batun magani akwai ƙamshin gaskiya, bari in ware maka. A 2018 Amurka ta amince da wani magani da aka samo daga wiwi don wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani na yara. Amma sinadarin cikinsa CBD ne, wanda ba ya bugarwa, likita ke auna shi daidai nauyin yaro, ana kuma duba hantarsa. A Disambar 2020 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ta cire wiwi daga rukuni mafi tsanani, don a samu damar bincike da magani, amma ta bar ta cikin abubuwan da ake sa wa ido. Abin da ke kwalbar yaron nan an tace shi ne don ɗaya sinadarin, mai bugarwar. Kuma na yarda da kai tiramol ya fi saurin kisa. Sai dai ni da nake karɓar marasa lafiya, uwar da aka kawo mata ɗa yana zargin ta sa masa guba a tuwo, ba na iya ce mata ta gode Allah ba tiramol ba ne.

Direban Maigatari:
Ni tambayata ɗaya. Wa ya tabbatar abin da ke kwalbar shi ne abin da aka ce masa? Ina ɗaukar dabbobi daga kasuwar Alhamis zuwa kudu, ina kwana a tashoshi, ina ganin abin da ake miƙa wa yara. Yau a ce Laud, gobe a ce Kolos, kowanne da sunan ƙasar waje a kai. Shi wannan Kolos ɗin sau da yawa ganye ne aka fesa wa sinadarin da aka haɗa a ɗakin gwaji, na ga yaro ya zuƙa sau biyu ya faɗi yana birgima a kwata. Ku dubi Saliyo, abin da suke kira kush ya kai shugabansu Julius Maada Bio ya ayyana dokar ta-ɓaci a kansa a Afrilun 2024. Wanda ke sayar da haram a bayan tasha, in ya ce maka "tsantsa ce", wa zai kai shi ƙara in ƙarya yake?

Ɗan Gari a Kanada:
Yaya Direba ya taɓo inda ni ma nake shakka. Na gaskiyar a nan ma tsada gare shi, har a firji suke ajiye shi don kada zafi ya ɓata shi. A ce ɗan ci-rani ya saye shi a Legas ya kawo Jigawa a aljihu, abu biyu ne: ko dai kuɗin da ya tara ya tafi a nan, ko kuma an haɗa masa wani abu ne aka laƙaba masa suna. A nan akwai ɗakin gwaji da ke duba maganin feshi da fumfuna kafin a kai kanti. Wanda ya biyo ta bayan fage ba wanda ya duba shi.

Manomin Fadama:
Kuɗi kam bai dawo da ko sisi ba. Wata bakwai yana aikin lodi. Na ɗauka sata aka yi masa yake jin kunyar faɗa.

Na'ibin Liman:
Allah ya ba ka ladan riƙon maraya, Malam. Ta fuskar addini maganar ba ta da duhu. Manzon Allah (SAW) ya ce duk abin da ke sa maye giya ne, kuma duk giya haramun ce. Ya kuma ce abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Ba a rataya hukuncin a kan ko an sa sinadari ko ba a sa ba. Giyar inabi ma ai daga 'ya'yan itace take.

Don amanar ilimi zan ƙara da cewa malamai sun yi magana a kan hashish tun ƙarnonin baya. Imam Al-Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar, ya rarrabe tsakanin mai bugarwa, da mai ɓata hankali, da mai sa barci, ya sa hashish a cikin masu ɓata hankali. Ibn Taimiyya kuwa ya ɗauke ta mai bugarwa ce kamar giya. Saɓaninsu a kan nau'in horo ne da batun najasa. Babu ɗayansu da ya halatta wa mutum ya gusar da hankalinsa da ita. Na faɗi haka ne don wasu samarin suna tsintar rabin maganar a intanet su ce malamai sun yi saɓani.

Amma Malam, yaron nan in hankalinsa ya fara taɓuwa, mara lafiya ne kafin komai. A yi addu'a, a kuma nemi magani.

Wani Dattijo a Unguwar Gabas:
Ni a ganina a kai shi gidan mari ya yi wata shida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ko a kira 'yan NDLEA su tafi da shi ya ga uwar bari.

Hajiya Mai Man Gyaɗa:
Haba Alhaji! Maraya ne fa. Ka manta abin da aka gano a Rigasa da Daura a 2019? Yara da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabo. Wanda yake ganin ana yi masa dariya, ka sa a ɗaure shi, ai ka tabbatar masa da zarginsa ke nan. Ni ban yarda ba wallahi.

Tsohon Hedimasta:
Alhaji ba mugunta yake nufi ba, tsoro ne irin namu na iyaye. Amma ina bayan Hajiya. Batun doka dai yaron ya sani: a Najeriya wiwi laifi ce, ganye ko tatacciya, halaccin Kanada bai tsallako teku ba. Hukumar NDLEA tun 1989 take, kuma shugabanta Buba Marwa ya sha faɗa a fili cewa ba ya goyon bayan a halatta. Sai dai su ma suna da sashen ba da shawara da gyaran hali, ba kamu kaɗai suke yi ba. Kuma mu daina ganin abin kamar a gidan mutum ɗaya ya faɗo. Ƙididdigar da aka yi a 2018 ta nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabace ta, miliyan 10.6 daga ciki wiwi ce. Gidan mari nawa zai ɗauke su?

Malamin Asibiti:
Malam Manomi, ga abin da nake ba ka shawara. Kada ka tara masa mutane, kada a yi masa ihu ko duka. Kada kuma ka tsaya gardamar ko 'yan majalisa da shi suke, ba za ka ci wannan gardamar ba. Ka ce masa ka ga ba ya barci, ka ga ya rame, kana so likita ya duba shi. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure, akwai na Dawanau a Kano. Ka tafi da kwalbar a nuna wa likita. Ka kawar da maganin feshi da duk wani abu mai kaifi daga inda yake kwana, kada kuma a bar shi shi kaɗai da injin a bakin ruwa kwanakin nan. In ya daina sha, sati na farko zai yi fushi, ya kasa barci, ya ƙi abinci, ya yi ta gumi. Wannan sananne ne, yakan lafa cikin sati biyu zuwa uku. Da yawa in an tare abin da wuri suna dawowa daidai. In ya fara maganar cutar da kansa ko wani, ko cikin dare ne a tafi asibiti, kada a jira gari ya waye.

Manomin Fadama:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Bari in faɗa muku yadda muka yi. Bayan la'asar na ce ya raka ni fadama mu duba tumatir. Muka zauna a kan kunya, ban ɗaga murya ba. Na faɗa masa maganar Hajiya ta gyaɗa da mai, don ita na fi iya riƙewa. Ya yi shiru yana tsinkar ciyawa. Can ya ce shi tun farko don ya guje wa ƙwaya ya koma wannan, wai a wajen lodi kowa tiramol yake sha, shi kuma ya ga yadda take mayar da mutane, sai wani ya ce masa ga mai tsabta wadda ba ta da illa. Ya ce da farko ɗan kaɗan yake isarsa har dare, yanzu in bai sha ba kafin hantsi jikinsa rawa yake. Sannan ya faɗi abin da ban sani ba: kusan kullum da asuba sai ya yi ta amai, ba ya samun sauƙi sai ya watsa ruwan zafi. Ni kuwa ina ta faɗan wa ke ƙarar mana da itace da sassafe.

Ya yi kuka, ni ma na yi. Ya ce kada in faɗa wa kakarsa.

Malamin Asibiti:
Aman nan da ruwan zafi ke kwantarwa sananne ne a wajen masu shan wiwi mai ƙarfi na tsawon lokaci, likitoci a Ostireliya suka fara bayyana shi a 2004. Maganinsa dainawa. Ka tabbata ka faɗa wa likita wannan, kuma ya riƙa shan ruwa sosai kafin nan. Ya yarda zai je?

Manomin Fadama:
Ya yarda, amma ya ce ba zai shiga motar haya ba, wai za a gane shi.

Matashin Bakin Kasuwa:
Baffa, in ba damuwa zan zo in kwana a ɗakinsa yau da gobe. Tare muka yi firamare, ba zai ƙi ni ba.

Direban Maigatari:
Litinin ba ni da lodi. Zan karɓi ƙaramar motar ƙanena in zo ƙofar gidanka bayan sallar asuba, kafin mutane su fito. Kai dai ka tanadi katinsa na asibiti in yana da shi, da kwalbar. Man mota kuma a bar min.